Shaida a Kan Iska Marar Wari

Duk yaron da ya zauna gaban malami a garin nan, kafin ya yi nisa a karatun littattafai sai an biya masa babin ruwa. Daga Ishmawi har Risala maganar ɗaya ce: ruwa yana nan da tsarkinsa muddin wani abu bai sauya masa launi, ko ɗanɗano, ko wari ba. Ido da harshe da hanci ke nan, shaidu uku da Allah ya ba talaka da basarake kyauta, kuma da bakinsu ake yanke hukuncin ko mutum zai yi alwala da abin da ke cikin butarsa ko ya zubar. Ban san wata ƙa'ida da ta tausaya wa mutumin karkara kamar wannan ba. Ba ta tura shi birni a auna masa ruwa ba, cewa ta yi ya duba, ya ɗanɗana, ya sansana, ya tashi ya yi sallarsa.

Mu mutanen Ɗan Barto, hanci ya yi mana hidima fiye da sauran biyun. Garin bakin iyaka ne, daga shingen duwan ɗinmu zuwa Kwangwalam ba wata tafiya ba ce, kuma shekara da shekaru fetur yana ratsa mu a jarkoki da kwalabe. Yaron da ke sayar da mai a bakin kwalta zai buɗe jarka, ya kai hanci, ya gaya maka an surka da kananzir ko ba a surka ba. Uwargida kuma tana sa ƙafa a madafa za ta ce tukunyar gas tana yoyo. Gas ɗin girkin nan ya wadata a wajenmu ne bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a ƙarshen 2011, kuma har yau mutane da yawa suna zaton warin nan halittarsa ce. Zuba masa ake yi, wani sinadari ne mai farar wuta a ciki ake ɗiga masa don hanci ya kama shi. Sai da aka yi asarar rayuka aka koyi wannan: ranar 18 ga Maris 1937, a garin Niyu Landan na jihar Tekzas a Amurka, gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta ba wanda ya ji, ya fashe, ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara. Bayan nan aka yi dokar sa masa wari.

Akwai iskar da wannan dabara ba ta cika yi mata aiki ba, ita ce haidurojin. Ba launi, ba ɗanɗano, ba wari. Shaidun nan uku da muka tashi da su, a gabanta duk bebaye ne. Iskar da muke shaƙa ta ninka ta nauyi kusan sau 14, don haka in ta fita sama take yi ta taru a ƙarƙashin rufi. Tana kamawa da wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, har zuwa kashi 75, kuma tartsatsin da bai isa ya kunna tururin fetur ba ya ishe ta. In ta kama da rana, da ƙyar ido yake ganin harshen wutarta. Sa mata wari kuma yana da wuya, domin farar wutar da ke cikin sinadarin warin tana lalata na'urorin da ke juya haidurojin zuwa lantarki, waɗanda suna cikin dalilan da suka sa manyan ƙasashe suke ta rububinta.

Ba sai an gina mana masana'anta ba, iskar nan tana cikin garinmu. Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, wanda ba shi da sola ya nemi sola, batura suka cika shaguna da ɗakuna. Wani tsohon ɗalibina yana da shagon cajin waya kusa da tasha. Ɗakin baturansa na ƙasa ne da rufin kwano, ba taga, ƙofa a rufe saboda ƙura da ɓarayi, manyan batura irin na babbar mota a jere a kan katako. Da azahar, rana ta take, na ce ya kwance murfin ɗaya. Muka leƙa. Ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin farantan dalma suna fashewa a saman ruwan, in ka kasa kunne kana jin sautinsu ƙasa-ƙasa.

"Malam, ai haka suke yi in sun ƙoshi," in ji shi. "Shi ya sa suke shan ruwa, kullum cikin ƙara musu nake."

Na ce masa ruwan nan ba shansa suke ba. In batir ya cika aka ci gaba da tura masa wuta, lantarkin yakan raba ruwan gida biyu, oksijin da haidurojin, su ne kumfan da yake gani. A lissafi, batir mai bolt 12 mai gida shida, duk amfiya ɗaya da ta shige shi na tsawon awa ɗaya bayan ya cika, yana sakin haidurojin wajen lita biyu da rabi. Ya ɗaga kai ya dubi kwanon da ke samanmu, ya ce, "To Malam, ni ban taɓa jin warin komai ba sai na asid."

Wani yaron shago a layin nasu ya taɓa cire maƙalar waya daga kan batir yana cikin caji, tartsatsi ya tashi, batirin ya tarwatse, asid ya watsu masa a fuska. Allah ya sa akwai randa kusa, aka yi ta kwara masa ruwa har idanunsa suka tsira. A majalisa da yamma aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da haka. Amma tsautsayin nan ya ɗauki awoyi yana taruwa, kuma da akwai mai gaya wa yaron, da ya kashe caja kafin ya kai hannu.

Magabatanmu ba su naɗe hannu ba game da iskar da ba a gani. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, sana'arsa haƙar rijiya a ƙauyukan da ke tsakanin nan da Matamaye da Kance. In zai shiga yasar tsohuwar rijiya, ba ya sa ƙafa sai ya ɗaura fitilar ƙwai a igiya ya zura ta a hankali, yana durƙushe a baki yana bin harshen wutar da ido. In ta kai ƙasa tana ci, ya yi bisimilla ya sauka. In ta yi ja, ta ƙanƙance, ta mutu, sai ya jawo ta ya ce, "Ɗana, yau rijiyar nan ba ta son baƙo," a ɗaura ganye a igiya a yi ta zurawa ana jawowa har iskarta ta sauya. Fitilar nan shaida ce ta huɗu da ya ƙara wa kansa, mai gaskiya a kan abin da ta sani: inda wuta ta kasa ci, mutum ma numfashinsa na cikin haɗari. Amma iyakar saninta ke nan. A ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, arewa da Bamako, masu haƙar rijiyar burtsatse a 1987 sun wuce mita 100 ba ruwa, sai wata iska da ke busowa daga ramin. Wani ya leƙa da taba a bakinsa, wuta ta tashi ta ƙone shi, aka toshe ramin, mutane suka ƙaurace wa wurin. A 2012 da aka auna iskar, aka tarar kashi 98 cikin 100 haidurojin ce, har kamfanin Aliou Diallo ya haɗa mata janareto ya ba ƙauyen wuta. Da kawuna ne a bakin wannan rami, fitilar da ta tsare shi tsawon rayuwarsa ita za ta halaka shi.

Wannan ya sa na bi labarin wata na'urar sansano haidurojin da aka bayyana a mujallar Nature Electronics a 2025, aikin masana daga Jami'ar Manchesta ta Ingila da Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha da ke Saudiyya, ƙarƙashin Farfesa Thomas Anthopoulos. Sabon abin a cikinta shi ne kayan da aka yi ta da shi. Dangin roba ne, sinadari mai dogon zaren kabon, ɗan'uwan wanda muka saba naɗe waya da shi don ya tare wuta. A 1977 Shirakawa da MacDiarmid da Heeger suka nuna cewa wasu robobi, in aka cusa musu wani sinadari kaɗan, suna barin lantarki ya wuce, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. Irin wannan roba tana tsaka-tsaki, ba ta kai tagulla ba, ba ta kuma tare wuta gaba ɗaya, kuma abin da ke kewaye da ita yana iya ƙara mata ko rage mata.

An shimfiɗa robar siririya a kan wayoyin filatinom. Oksijin ɗin da ke cikin iskar ɗaki yana shiga jikinta ya buɗe wa lantarki hanya, don haka muddin iska lafiya take, wuta 'yar kaɗan tana gudana. In haidurojin ta iso, filatinom ya fasa ta, ta kwashe oksijin ɗin, hanya ta toshe, wutar ta faɗi. Faɗuwar nan ita ce maganar na'urar. Da suka gwada ta, sun ce tana amsawa cikin ƙasa da daƙiƙa 1. Tana jin haidurojin ko da kashi 192 ne cikin biliyan, wato ƙasa da inda take kamawa da wuta da fiye da ninki 200,000. Wutar da take ci ba ta kai maikurowat 2 ba. Kuma ta yi kwana 646 tana aiki ba tsayawa a iskar ɗaki. Sun kai ta bakin bututu mai yoyo, sun fasa balan-balan mai haidurojin a rufaffen ɗaki, sun ɗaura ta a jirgi marar matuƙi, sun jera ta da wata na'ura ta kasuwa, tasu ta fi ta.

Na kai wannan labari zauren malaminmu bayan la'asar, domin akwai gardamar da ta daɗe tana damuna. A aji, samari sukan ce mini kimiyya ta gama da gaibu: abin da ake cewa ba a gani ga shi yau ana aunawa, sauran ma lokaci ne. A majalisar dattawa kuma akwai masu ganin rataya ƙararrawa a ɗaki don tsoron iskar da ba a gani raunin tawakkali ne, in kwana ya ƙare ba na'urar da za ta ƙara shi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, abin da ido bai gani ba, hanci bai ji ba, amma wani ɗan ƙarfe ya ce yana nan, a wane babi za a sa shi?"

Ya ce, "Kai malamin lakwal, ka ga iskar da idonka?" Na ce a'a. "Ƙarfen ne ya gaya maka?" Na ce i. Ya ce, "To ai ba gani ka yi ba, labari aka ba ka. Kai shi babin mai ba da labari, ka tambayi halinsa."

A ganina amsar nan ta ishi ɓangarorin biyu. Malaman tauhidi sun ce ta hanya uku sani yake zuwa wa ɗan Adam: lafiyayyun gaɓoɓi, da hankali, da labari na gaskiya. Haidurojin ba ta taɓa zama gaibu irin wanda Allah ya keɓe wa kansa ba, irin su ranar tashin alƙiyama. Halitta ce a cikin ɗakinmu, hancinmu ne bai kai gare ta ba. Saurayin da ke cewa ya daina yarda da abin da bai gani ba, lambar da ke kan allon na'ura kawai ya gani. Sauran duk yarda ce, da na'urar, da wanda ya ƙera ta, da wanda ya gwada ta. An ce gani ya kori ji, amma a nan ba ganin da zai zo ya kori jin, in ban da ganin gobara. Dattijon da ke tsoron raunin tawakkali kuma, shi ne yake ɗaukar azumi da sanarwar da ta zo daga Yamai alhali bai ga wata ba, wata shekarar ma 'yan'uwansa na Kwangwalam suna jiran ta Sakkwato. A kan labarin amintattu addininmu yake gudana, kuma Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike in wanda ba a amince da shi ba ya kawo labari.

Binciken mai ba da labari kuwa fanni ne da malaman hadisi suka ƙare rayuwarsu a kansa. Abu biyu suke nema ga mai ruwaya: adalci, wato ba zai yi ƙarya ba, da kiyayewa, wato ba zai ruɗe ba. Kuma ba sa jira sai ɓarna ta nuna musu, tarko suke ɗanawa. An ruwaito cewa Yahaya ɗan Ma'in, wanda ya rasu a shekara ta 233 bayan hijira, ya biyo ta Kufa tare da Ahmad ɗan Hambali, ya so ya jarraba Abu Nu'aim Fadlu ɗan Dukain. Ya rubuta hadisai 30 na Abu Nu'aim a takarda, bayan kowane goma ya cusa ɗaya wanda ba nasa ba, ya zauna yana karanta masa. Duk inda ya iso kan baƙon hadisi sai dattijon ya ce ba nasa ba ne, a soke shi. A na uku ya gane shiri aka yi masa, ya sa ƙafa ya ture Yahaya daga kan dakali. Yahaya ya tashi yana murna, domin ya sami abin da ya zo nema.

Aikin ɗakin gwaje-gwaje ke nan sak. Ba a tambayar na'ura abin da ba a sani ba sai an tambaye ta abin da aka sani. Ana sa ta a akwati, a shigo da haidurojin gwargwadon da aka riga aka auna, a ga ko za ta faɗi daidai. A ƙara, a rage, a yi ta maimaitawa. Sa'an nan a cusa mata baƙi, tururin sifirit, hayaƙin mota, gas ɗin girki, a ga ko za ta ƙi su. Wannan na biyun bai gaza na farko muhimmanci ba, domin ƙararrawar da ke kuka duk lokacin da babur ya wuce, kwana kaɗan mai shago zai cire mata waya.

Malaman nan sun lura kuma mutum yana iya zama amintacce a ƙuruciya ya ruɗe a tsufa, ba tare da ya zama maƙaryaci ba. Abdullahi ɗan Lahi'a, alƙalin Masar, an ce littattafansa sun ƙone a ƙarshen rayuwarsa, sai aka riƙa tambaya wa ya ji daga gare shi kafin gobarar, wa ya ji bayanta. Kwanan wata suka sa wa amincinsa. Na'ura ma tana tsufa, balle ta roba, wadda zafi da hasken rana suke ci a hankali. Kwana 646 abin yabo ne ga irin wannan kaya, amma shekara ɗaya da wata tara ne, alhali burin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sa wa irin waɗannan na'urori shi ne shekara 10.

An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyadina Umar zai wanke wani mai shaida, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko cinikin kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, Umar ya ce to bai san shi ba. Masu wannan na'ura sun yi maƙwabtaka da ita kusan shekara biyu, sun juya mata zafi da danshi, wannan ba ƙaramin sani ba ne. Amma mu ba mu yi tafiya da ita ba tukuna. Tafiyar a wajenmu ita ce watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuma ba a magana. Ita ce hunturu, lokacin da ƙurar da ta taso daga kwarin Bodele na Chadi take shiga har cikin kullallen akwati. Ita ce ɗakin da janareto ke hayaƙi a ƙofarsa, alhali an san farar wuta da gubar hayaƙi suna dakushe filatinom. Cinikin kuɗi kuma sai ranar da aka fara buga ta dubu-dubu, mai masana'anta yana neman inda zai rage tsada. Wankewar da aka yi wa mai shaida a wani gari tana da nauyinta, amma alƙalin garin da za a yi shari'ar yana da haƙƙin ya sake tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun na'urar. Na'urar gargaɗi, mafi yawan rayuwarta ba ta cewa uffan, kuma wannan shirun ma shaida ce: cewa take babu. Malaman fiƙihu ba su saki jiki da shaidar "ban gani ba" kamar yadda suka saki da ta "na gani". Sun fifita mai tabbatarwa a kan mai korewa, domin rashin gani yana iya zama daga rashin abin, yana iya zama daga idon. Maigadin da ya kwana a farke da wanda ya kwana yana minshari, in dare ya wuce lafiya, da safe labarinsu ɗaya ne. Wannan na'ura tana da hali mai kyau a nan: tun da faɗuwar wuta ce maganarta, in an haɗa ta yadda ya kamata, tsinkewar waya a jikinta ma za ta sa a ji ƙara a zo a duba. Amma in filatinom ɗin ne ya dakushe, ko ƙura ta toshe kafar da iska ke shiga, wuta za ta ci gaba da gudana lafiya lau, ɗaki yana cika. Shi ya sa a ma'aikatun da suka san aikinsu ake fesa wa irin waɗannan na'urori iskar gwaji lokaci-lokaci, a tilasta musu magana, don a san shirunsu na lafiya ne.

Karatun tauhidi na Shehu Sanusi na Tilimsan ya bayyana dalilin da ya sa gwajin nan ba ya ƙarewa. Ya raba hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Na al'ada shi ne haɗa abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, tare da yarda cewa saɓawa tana yiwuwa. Duk abin da ɗakin gwaji yake samarwa daga wannan babi yake. An gwada sau dubu ta amsa, wannan ya isa a gina aiki a kai, har ƙin ginawa ya zama sakaci. Amma bai mayar da amsa ta dubu da ɗaya wajibi ba. Wanda ya gane haka zai rataya na'ura, ya riƙa gwada ta, zuciyarsa kuma tana wajen Wanda yake gudanar da al'adar. Ni a wajena tawakkali ke nan. Mai barin ɗaki a rufe saboda ajali bai fi mai rataya ƙararrawa imani ba, ya dai bar sababin da aka hore masa, a kan rayukan da ba nasa kaɗai ba, har da na yaron shagon da iyayensa suka ba shi amana.

Sai dai akwai inda na'ura ta rabu da mai ruwaya. A sharuɗɗan nan biyu, kiyayewa kaɗai take iya ɗauka. Ba ta da niyya, ba ta da kwaɗayi, ba ta da tsoron hisabi. Ba za ta yi ƙarya ba, ba kuma za a ba ta ladan gaskiya ba. Adalcin da ake nema sai ya koma kan mutane: mai binciken da zai rubuta sakamakon da bai yi masa daɗi ba tare da wanda ya yi masa, mai masana'antar da ba zai rage filatinom ya bar tambari yadda yake ba, mai haɗa sola da zai ce wa maigida wannan ta mutu ko da shi ya sayar masa. Ko iskar gwajin da ake fesawa tana da salsala: tukunyar tana zuwa da takardar ɗakin awon da ya cika ta, shi kuma an gwada ma'auninsa da na hukumar awo ta ƙasa, har a dangana da ofishin awo na duniya da ke kusa da Faris, wanda aka kafa da yarjejeniyar 1875. In mutum ɗaya a salsalar nan ya ci amana, lambar da ke kan allo za ta fito tsaf, kuma ƙarya ce.

Mafi yawan kayan lantarkin da ke iso mana ta hanyar Kano da Daura ba su da salsala. A kwali suke zuwa, ba takarda, ba kwanan wata, ba wanda za a koma wa. Mai ruwayar da ba a san halinsa ba ke nan, wanda malamai ba sa gina hukunci a kansa shi kaɗai. In na'urorin roban nan suka yi arha kamar yadda ake fata, ta wannan hanyar za su shigo, na ƙwarai da jabu a kwali iri ɗaya. Abin da nake roƙo ga jami'ar Damagaram da ta Bayero a Kano ba mai tsada ba ne: tukunyar iskar gwaji, da akwati, da ɗaliban da za su rataya na'urori a shagunan caji na gaske daga hunturu zuwa bazara zuwa damina, su rubuta wadda ta rayu da wadda ta ruɗe da watan da ta ruɗe. Farillar kifaya ce a ganina, in wasu ba su ɗauke ta ba tana kan kowa.

Kafin wannan ya samu, akwai sharaɗin da ke hannun mai ɗaki, wanda kowane alƙali yake fara tambaya: mai shaidar yana wurin? Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, na'urarsa kusa da daɓe ake sa ta. Haidurojin sama take hawa, tata a ƙarƙashin rufi ake kafa ta, daidai saman batura. Wanda ya sauya musu wuri ya sayi shaidu biyu masu gaskiya da ba za su taɓa ganin komai ba. Ɗakin batir kuma yana bukatar kafa biyu, ɗaya a ƙasa iska ta shigo, ɗaya a can ƙololuwar bango ta fita, a sa musu raga saboda ɓera da ƙadangare, kuma a kashe caja a dakata kafin a taɓa maƙala. Masu ƙa'idar ɗakunan batir suna so haidurojin ta tsaya ƙasa da kashi 1 cikin 100, rubu'in inda take kamawa. A ginin ƙasa, huda kafofin nan aikin magini ne na yini guda, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin batir ɗaya ba.